Yadda ake gina harshe tun daga tushe: darasin Esperanto da ƴan uwansa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san zaurance. Muna yara, idan ba mu son ƙannenmu ko ƴan wata unguwa su gane abin da muke ƙullawa, sai mu juya kalmomi, gida ya koma "dagi", kasuwa ta koma "wakasu", ko kuma mu riƙa cusa wata gaɓa a tsakiyar kowace kalma har magana ta zama kamar ta aljanu. Wasa ne, amma wasa mai doka, domin kuwa duk wanda ya saɓa wa tsarin babu mai gane shi.

Abin da ya tuno mana da zaurance shi ne wata tambaya da wani mai saurare ya aiko wa shirinmu na harshe da al'adu a gidan rediyo. Ya ce wai da gaske ne mutum guda yana iya zama ya ƙirƙiro harshe sukutum, da sautukansa da nahawunsa, har wasu su koya su yi magana da shi? Amsar ita ce e, an yi, kuma ba sau ɗaya ba. Tun a ƙarni na 12 wata malamar addinin Kirista Bajamusa mai suna Hildegard ta tsara kalmomi kusan 1000 na wani harshe nata, kuma daga lokacin zuwa yau an ƙirƙiro ɗaruruwan harsuna. Mafi yawansu an binne su tare da masu su. Don haka muka ga ya dace mu duba wa masu karatu yadda ake wannan aiki, da dalilin da ya sa wani harshe ke rayuwa wani kuma ya mutu.

Likitan ido mai fata

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Ludwik Zamenhof, wani Bayahude da aka haifa a shekarar 1859 a garin Biyalistok, wanda yau yake cikin ƙasar Poland amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Rasha. A garin akwai Yahudawa da mutanen Poland da Rashawa da Jamusawa, kowa da harshensa, kowa yana kallon ɗan uwansa da ƙyama. Tun yana yaro ya ɗauka a ransa cewa rashin jin maganar juna ne babban tushen gabar, kuma maganinta shi ne a samu harshe na biyu wanda ba na kowa ba, don kada wani ya ce an fifita wani.

A watan Yuli na 1887, yana likitan ido a birnin Warso, ya buga wani ɗan ƙaramin littafi cikin Rashanci mai ɗauke da dokokin nahawu 16 da tushen kalmomi kusan 900. Bai sa sunansa ba, ya sa hannu da laƙabin Doktoro Esperanto, wato likita mai fata. Laƙabin ne ya bi harshen har yau.

Sai an zaɓi sauti kafin a yi kalma

Magini ba ya fara gini sai ya san irin tubalin da zai yi aiki da shi. Haka mai ƙirƙiro harshe, abu na farko shi ne ya zaɓi sautuka, wato baƙaƙe da wasula, sannan ya yanke yadda za su riƙa haɗuwa su ba da gaɓa.

Zamenhof ya ɗauki wasula biyar, a, e, i, o, u, irin waɗanda muke rubutawa a Hausa. Sai dai ya yar da abubuwa biyu da Bahaushe ba ya iya magana sai da su. Na farko shi ne jan wasali, abin da ke taimaka mana mu bambanta gari na mutane da gari na tuwo. Na biyu shi ne karin sauti, wato hawa da saukar murya, wanda shi ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya. A Esperanto babu ko ɗaya daga cikinsu. Doka guda ce: a kowace kalma ana ƙarfafa murya a kan gaɓar da ke kusa da ta ƙarshe, ba a taɓa saɓawa.

Ya tsara haruffa 28, kowane harafi da sautinsa guda, kowane sauti da harafinsa guda. Wanda ya yi lakwal ya sha bulala a kan rubutun Faransanci, inda ake jera haruffa uku ko huɗu a ƙarshen kalma ba a furta ko ɗaya, shi ya san darajar wannan doka. To amma don ya cika ta, sai da ya ƙirƙiro haruffa shida masu hula a ka: ĉ, ĝ, ĥ, ĵ, ŝ da ŭ. Harafin ĉ shi ne c namu na ciki, ŝ shi ne sh, ĝ kuma j. Nan take matsala ta taso, domin maɗaba'u da yawa ba su da waɗannan haruffa, har shi da kansa ya yarda a riƙa rubuta ch da sh a madadinsu. Wannan ciwo mun san shi sarai. Shekara da shekaru muna buga labarai da keken rubutu marar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, mai karanta labarai ya ga "kasa" ya tsaya yana tunani ko kasa ce maciji, ko ƙasa ce ta gwamnati.

Akwai kuma wani abin da Zamenhof bai hango ba. Sauƙin da ya nema, ya auna shi ne da bakin Turawa. Esperanto ya bambanta p da f, ya bambanta b da v, alhali bakin Bahaushe bai saba da wannan rabo ba. Yana kuma jera baƙaƙe a farkon kalma ba wasali a tsakani, kamar knabo, yaro, ko scii, sani, wanda ake farawa da s sannan t sannan wani s. Mu kuwa ba mu fara kalma da baƙaƙe biyu a manne. Shi ya sa da muka ari sunan ƙasar Faransa muka cusa wasali tsakanin f da r, haka muka yi wa burodi da fursuna. Abin da ke da sauƙi ga mutumin Warso yana iya zama dutse ga mutumin Maraɗi.

Kafin Zamenhof wani limamin coci Bajamushe, Johann Martin Schleyer, ya faɗa irin wannan rami. A 1879 da 1880 ya fito da harshen Volapük. Ya yi ƙoƙarin kauce wa harafin r don tausaya wa waɗanda ke shan wahalar furta shi, irin mutanen Sin, amma ya bar wasulan Jamusanci ä da ö da ü waɗanda rabin duniya ba ta iya faɗa. Ya kuma datse kalmomin da ya aro har masu su ba su gane su. Sunan harshen kansa daga kalmomin Ingilishi biyu ya fito, ta duniya da ta magana, amma Baturen Ingila ba zai shaida su ba.

Nahawu marar togiya

Inda Zamenhof ya nuna gwaninta shi ne nahawu. Ya sa kowane rukunin kalma ya ɗauki tambarinsa a ƙeya. Suna yana ƙarewa da o, sifa da a. Daga tushe guda ake samun varmo, zafi, da varma, mai zafi. Jam'i kuwa harafin j kawai ake ƙarawa, wanda ake furtawa kamar y: domo gida, domoj gidaje, ĉevalo doki, ĉevaloj dawaki. A nan sai mu tuna wahalar da baƙo ke sha da jam'in Hausa: gida gidaje, doki dawaki, akuya awaki, hula huluna, mutum mutane, kowace kalma da hanyarta, sai dai a haddace.

Aikatau ma haka. Wanda ake yi yanzu yana ƙarewa da as, wanda ya wuce da is, mai zuwa da os. Mi lernas, ina koyo. Mi lernis, na koya. Mi lernos, zan koya. Ko ni ne, ko kai ne, ko su ne, aikatau ba ya canza kama, kuma babu ko guda da ya fita daga layi.

Don rage yawan haddar kalmomi, ya yi amfani da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya. Idan aka sa mal a gaban kalma sai ta ba da kishiyarta: bona mai kyau, malbona marar kyau, granda babba, malgranda ƙarami. Idan aka cusa ej ana nufin wurin da ake yin abu: lerni koyo, lernejo wurin koyo. Idan aka cusa il ana nufin kayan aiki: tranĉi yanka, tranĉilo wuƙa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, domin da ma guda muke gina makaranta daga karatu, masallaci daga salla, mabuɗi daga buɗewa, manomi daga noma. Bambancin shi ne a Esperanto ana iya yi wa kowace kalma haka ba tare da an ce ba a faɗa ba.

Doka guda ce ta fi jawo gardama, ita ce harafin n da ake liƙa wa wanda aiki ya faɗa a kansa. La hundo mordis la knabon na nufin kare ya ciji yaro. Ko an juya an ce la knabon mordis la hundo, har yanzu yaron ne ya sha cizo, tunda shi ke ɗauke da n. A Hausa idan aka juya, to yaro ne ya ciji kare. Wannan n yana ba mai magana ƴancin jera kalmomi yadda ya ga dama, amma kaya ne a kan duk wanda harshensa ba ya da irinsa. Akwai kuma masu ƙorafin cewa harshen ya mai da namiji tushe, mace reshe, tunda patro shi ne uba, sai an cusa in a samu patrino, uwa. Ga kuma kalmomin da kusan dukansu daga Latin da Faransanci da Jamusanci da Ingilishi da harsunan gabashin Turai suka fito. Harshen da aka ce ba na kowa ba ne, da aka duba sai ga shi ɗan Turai ne gaba da baya.

Masu neman wahala da gangan

Akwai wasu maginan harshe da suka bi hanya kishiyar wannan, su ne masu yi wa fina-finai aiki. Su burinsu mai kallo ya ji maganar ya yarda cewa ba ta ƴan Adam ba ce.

An ɗauki wani masanin harshe Ba'amurke, Marc Okrand, ya gina harshen Klingon don fim na uku na Star Trek da ya fito a 1984, a 1985 kuma ya buga ƙamusunsa. Da gangan ya haɗa sautukan maƙogwaro masu kaushi waɗanda ba a saba samunsu tare a harshe guda ba. Da gangan kuma ya zaɓi jerin kalmomi mafi ƙaranci a harsunan duniya: wanda aka yi wa aiki a farko, aikatau a tsakiya, mai aikin a ƙarshe, kamar a ce "tuwo ci yaro" ana nufin yaro ya ci tuwo. Tunda mutanen Klingon mayaƙa ne marasa wasa, abin da ya fi kusa da gaisuwa a harshensu shi ne nuqneH, ma'ana me kake so. Sai mai karatu ya kwatanta da mu da ke tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki da sanyi kafin mu kai ga abin da ya kawo mu. Ashe ana iya zuba halin mutane a cikin nahawunsu.

Wani malamin jami'a a Amurka, Paul Frommer, shi ya tsara harshen Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009. Sharaɗin da aka ba shi shi ne harshen ya yi baƙunta a kunne, amma ƴan wasa su iya furta shi. Sai ya cire b da d da g, ya kawo wasu sautuka uku da ake furtawa da matse maƙogwaro a tunkuɗo iska, ya rubuta su kx da px da tx. Abin dariya a nan shi ne wannan kx da aka kai wa halittun wata duniya don su yi dabam da mutane, shi ne ƙ ɗinmu na ƙasa da ƙofa da ƙarfe, wanda ɗan shekara huɗu a Damagaram ke faɗa ba tare da ya san yana yin abin mamaki ba. Wuya da sauƙi a harshe, duk sabo ne.

Mafarkin Afirka

Nahiyarmu ma ba a bar ta a baya ba. A 1967 wani mutumin Gana, K. A. Kumi Attobrah, yana cikin jirgin ruwa tsakanin Ingila da Faransa tunani ya zo masa na samar wa Afirka harshe guda. A 1970 ya fito da Afrihili, sunan da ya haɗa daga Afirka da Swahili. Ya ɗebo kalmomi daga harsunan Afirka dabam-dabam, ya ƙara wasula biyu, ɛ da ɔ, irin na harshensa na Akan. Ya tsara kowane suna ya fara da wasali ya ƙare da wasali, idan za a yi jam'i sai wasalin farko ya koma irin na ƙarshe: omulenzi yaro, imulenzi yara. Dabara ce mai tsafta, amma harshen bai samu masu magana da shi ba.

A maƙwabciyarmu Najeriya, Alex Igbineweka ya fara gina harshen Guosa tun 1965, inda ya gauraya Hausa da Yarbanci da Ibo da wasu harsunan ƙasar. Tsarinsa shi ne sunayen abubuwan da ido ke gani su fito daga Hausa da harsunan arewa, waɗanda ba a gani kuma daga harsunan kudu. An buga ƙamus, an yi ta yekuwa, amma har yau idan Bahaushe da Bayarabe da Ibo suka haɗu a tasha, da Hausa ko da Turancin kasuwa suke ciniki. Kalmar haɗin gambiza da ta fi shiga bakin jama'a a can ita ce wazobia, wato "zo" a harsunan uku, kuma ita ma suna ce kawai, ba harshe ba.

Me ya raya wannan ya kashe wancan?

Volapük ya yi tashe na ƴan shekaru, da ƙungiyoyi da jaridu a Turai, har aka yi babban taro a Paris a 1889. To amma Schleyer ya tsaya kai da fata cewa harshen nasa ne, ba mai gyara ko harafi sai da izininsa. Rigima ta ɓarke tsakaninsa da almajiransa, cikin ɗan lokaci jama'a suka watse.

Zamenhof kuwa tun a littafinsa na farko ya sallama duk wani haƙƙin mallaka. A 1905 aka yi taron farko a garin Bulon na Faransa, mutum 688 daga ƙasashe 20 suka haɗu suka ga lalle suna fahimtar juna. A nan aka amince da tushen da ba za a taɓa ba, sauran kuma aka bar wa masu magana. A 1907 wasu masana suka ɓalle suka kafa Ido, suka cire haruffa masu hula, suka sassauta dokar n. A takarda gyaran yana da hujja, amma yawancin jama'a ba su bi su ba, domin sun riga sun yi abokai da wasiƙu da waƙoƙi a tsohon.

Esperanto ya sha wuya. Faransa ta tare masa hanya a Majalisar Ƙawancen Ƙasashe, a 1922 ma ta hana koyar da shi a makarantunta don kare martabar Faransanci. Gwamnatocin Hitila da Stalin sun farauci masu magana da shi, ƴaƴan Zamenhof uku duk an kashe su a kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa a yaƙin duniya na biyu. Shi kansa ya rasu tun 1917, yana ganin Turai na cin wuta. Burinsa na harshen duniya bai cika ba. Duk da haka harshen bai mutu ba. Hukumar UNESCO ta yaba da aikin masu shi a 1954, akwai littattafai dubbai a cikinsa, akwai iyalan da suka reni ƴaƴansu da shi tun daga goyo, kuma a 2024 aka yi babban taronsu na duniya a Arusha ta Tanzaniya, karo na farko a Afirka.

Wani masanin harshe a Amurka ya taɓa gwada renon ɗansa da Klingon, shi yana yi masa Klingon, uwar tana yi masa Ingilishi. Yaron ya fara kamawa, amma da ya yi wayo ya ga babu wanda ke jin wannan magana sai babansa, ga shi kuma harshen ba shi da sunayen kayan ɗaki na yau da kullum, sai ya daina amsawa. Harshe ba ya rayuwa a bakin mutum guda.

Abin da ya shafe mu

Wannan labari ba na Turawa kaɗai ba ne, domin mu ma a ɗakin labarai ƙananan maginan harshe ne. Kullum sanarwa na zuwa mana da Faransanci, cike da kalmomin da kakanninmu ba su sani ba, kuma kafin ƙarfe bakwai dole mu samo musu Hausa. Wani lokaci mu dace, wani lokaci mu yi ta maimaita kalma wata da watanni jama'a su ƙi ɗauka. Mun daɗe muna cewa wayar tafi-da-gidanka, mutanen kasuwa suka ce salula, kuma tasu ce ta zauna. Mun ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, matasa suka ga ta yi tsawo. Kabu-kabu kuwa babu ofishin da ya zauna ya raɗa masa suna, titi ne ya raɗa, kuma ba mai iya tuge shi.

Tun da dokar sake gina ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, wannan aiki ya ƙara nauyi, domin ana bukatar kalmomin shari'a da likitanci da lissafi da mulki masu yawa. Masu wannan aiki suna da abin koyo daga waɗanda suka gabace su. A gina sabuwar kalma da sautukan da bakin mutane ya saba da su. A yi amfani da kayan ginin da harshen ke da su tun asali, irin ma na makaranta da mabuɗi. A ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ haƙƙinsu a rubutu. A tuna cewa abin da ya zo wa Bahaushe da sauƙi yana iya yi wa Bazabarme ko Bafillace ko Buzu nauyi, kamar yadda knabo ya yi mana, saboda haka a saurare su. Sannan idan an gama, a kai kalmar kasuwa a ji abin da jama'a za su yi da ita, kada a yi irin taurin kan Schleyer.

Ga mai saurarenmu da ya aiko da tambaya, amsarsa ke nan: mutum guda yana iya zaɓen sauti, ya tsara nahawu, ya cika ƙamus. Amma sai uwa ta yi wa ɗanta faɗa da shi, mai tebur ya yi ciniki da shi, sannan ya zama harshe. Masu karatu da ke da kalmomin da suka ji an ƙirƙiro a garuruwansu, ko sun zauna ko sun ɓace, muna maraba da wasiƙunsu. Allah ya sa mu dace.